Daga tsoka zuwa jijiya: ina masana suka kwana?

Sama da shekara ashirin ke nan masana ilimin jikin ɗan Adam, a Amurka da Italiya da Faransa da Japan, suke ƙoƙarin ɗebo wasu ƙwayoyi daga cikin tsoka, su rene su a ɗakin gwaji har su koma ƙwayoyin jijiya. In aikin ya tabbata, mai shanyayyar ƙafa zai iya samun maganinsa daga cikin cinyarsa. To amma tsakanin farantin gwaji da gadon asibiti akwai tafiya mai nisa, kuma ƴan damfara sun riga masana isa kasuwa. Ga yadda al'amarin yake.

Jijiya iri-iri ce

Bahaushe yana kiran abubuwa da dama da sunan jijiya. Akwai wadda jini ke gudana cikinta, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Ta ukun nan ce muke nufi a cikin wannan bayani. Ita ce ke sa mutum ya ɗaga hannu in ya so, ita ce kuma ke sanar da shi ya taka garwashi.

Jikin mutum ginin ƙwayoyi ne ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yawansu ya wuce miliyar dubu 30, ire-irensu kuma sun wuce 200: na jini, na fata, na ƙashi, na tsoka, na jijiya, da sauransu. Ƙwaƙwalwa kaɗai tana da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86. Kowace tana da rassa gajeru masu karɓar saƙo da zare guda dogo mai fitar da shi, kuma akwai zaren da ke tashi daga ƙugu bai tsaya ba sai babban yatsan ƙafa. Saƙon da ke bi ta cikinsa na lantarki ne, gudunsa kan wuce mita 100 cikin daƙiƙa guda.

Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye yakan ɗoru, jini in ya zuba jiki yakan mayar da shi. Ƙwayar jijiya kuwa, da zarar ta balaga, ba ta sake rabuwa ta haifi wata. Wadda ta mutu cikin ƙwaƙwalwa ko cikin laka, galibi ta tafi ke nan. Masanin nan na ƙasar Sipaniya, Santiago Ramón y Cajal, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ya bayyana haka tun farkon ƙarni na 20. Shi ya sa shanyewar ɓarin jiki, da karayar baya wadda ta taɓa laka, da ciwon makyarkyata da ake kira Parkinson, suka kasance cikin cututtukan da suka fi gagarar likitoci.

Jijiyoyin hannu da ƙafa suna da ɗan sassauci. In zaren ya tsinke yakan sake tsirowa, wajen milimita 1 a yini, watau santimita 3 a wata. Abin da ke taimaka masa wasu ƙwayoyi ne masu suna Schwann, waɗanda ke naɗe zaren kamar yadda roba ke naɗe wayar lantarki, kuma su ne ke share masa hanya in zai tsiro. Amma in giɓin ya yi faɗi zaren ba ya iya tsallakewa, kuma tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba ta samu saƙo ba takan ƙanƙance, ta kai inda ba ta komowa. Abin da likitocin fiɗa ke yi shi ne su yanko wata jijiya daga bayan ƙaurin mutumin su yi gada da ita, sai dai wurin da aka yanko yakan rasa ji.

Ma'ajiyar da ke cikin tsoka

Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin namiji baligi, kuma tana da baiwar gyara kanta. A 1961 ne wani masani mai suna Alexander Mauro, na cibiyar Rockefeller a birnin Niyok, ya gano asirin wannan baiwa. Yana duban tsokar ƙafar kwaɗo da madubi mai aiki da lantarki sai ya ga wasu ƙwayoyi ƙanana maƙale a gefen zaren tsoka, suna kwance kamar masu barci. Daga baya aka tabbatar cewa in tsoka ta ji rauni su ne ke farkawa, su hayayyafa, su cike giɓin.

Irin waɗannan su ne ake kira ƙwayoyin tushe, waɗanda Faransawa ke ce wa «cellules souches». Abu biyu ya bambanta su da sauran: suna iya haifar irinsu, suna kuma iya rikiɗa su zama ƙwayar da ke da sana'a. Misalinsu misalin irin shuka ne da manomi ke ɓoyewa a rumbu: ba a cinsa, amma daga gare shi amfanin baɗi ke fitowa. Na cikin ɓargo su ne ke yin jini, na cikin tsoka su ne ke yin tsoka.

Tambayar da ta taso a ƙarshen shekarun 1990 ita ce: shin irin gero zai iya ba da dawa? A ka'idar da aka sani, a'a. Tun cikin mako na uku bayan shigar ciki ɗan tayi ke rabuwa shimfiɗa uku. Ta waje ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta tsakiya ita ke ba da tsoka da ƙashi da jini, ta ciki kuma hanji da hanta da huhu. Ke nan tsoka da jijiya ba gidansu ɗaya ba. Sai dai kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken littafin gado, wanda ake kira ADN, illa dai kowace babinta take karantawa, sauran babobin a rufe suke. John Gurdon na Ingila ya nuna haka a 1962, da ya samar da ɗan kwaɗo daga cibiyar ƙwayar hanjin wani. A 1987 kuma Harold Weintraub da abokan aikinsa, a birnin Seattle, suka buɗe umarni guda tak mai suna MyoD a cikin wata ƙwaya wadda ba ta tsoka ba, ta koma ta tsoka. Tun da babobin suna nan, in ji masana, saura a gano mabuɗin.

Dalilin da ya sa aka kwaɗaitu da tsoka a bayyane yake. Tana da yawa, ana iya yankar ɗan gutsure daga cinya ba tare da babbar fiɗa ba, jikin mutum ba ya ƙin abin da aka ciro daga gare shi, kuma babu gardamar addini da ta shari'a irin wadda ta dabaibaye amfani da ƙwayoyin ɗan tayi.

Yadda ake aikin a ɗakin gwaji

Wanda sunansa ya fi fita a wannan fage shi ne Johnny Huard, ɗan asalin Kebek ta ƙasar Kanada, wanda ya daɗe yana aiki a jami'ar Pittsburgh ta Amurka. Dabarar da shi da mutanensa suka yi amfani da ita ta yi kama da tankaɗe. Ana daddatsa gutsuren tsoka, a zuba masa ruwan magani mai warware ƙwayoyi daga juna, a juye cikin kwalba wadda aka shafa wa wani sinadari mai danƙo, kolajen. Cikin ƴan awowi wasu ƙwayoyi sukan manne a ƙasa. Sai a tsiyaye ruwan da sauran da ke yawo cikinsa zuwa wata kwalba, kashegari a sake, har kwana biyar ko shida. Waɗanda suka yi nawar mannewa, ƴan ƙalilan ne ƙanana kewayayyu, su ake nema.

A 2002 wannan ƙungiya ta bayyana cewa ƙwayoyin da ta tace daga tsokar ɓera suna daɗewa suna hayayyafa, kuma ban da tsoka suna iya nuna alamun ƙwayoyin jijiya da na hanyoyin jini. A shekarar dai, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, ƙungiyar Marie-Françoise Chesselet ta ba da labari mai kama da wannan, kuma Patrick Vourc'h yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da ita. A 2004 Giulio Alessandri da abokansa na cibiyar Carlo Besta ta Milan suka buga a mujallar likitoci The Lancet cewa sun yi haka da tsokar mutum, wadda suka samu daga hannun marasa lafiya da ake yi wa fiɗar zuciya. A Japan, Tetsuro Tamaki na jami'ar Tokai ya nuna a 2005 cewa wasu ƙwayoyin tsokar ɓera, in an dasa su a wurin rauni, sukan ba da tsoka da hanyoyin jini da ƙwayoyin Schwann gaba ɗaya.

Juyin kansa da abinci ake yinsa. Ana cire ƙwayoyin daga ruwan da suka saba, a sa su cikin wanda ake renon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da shi, mai ɗauke da sinadaran girma guda biyu, EGF da FGF. Sai su bar mannewa, su dunƙule su yi ƙwallaye ƙanana masu yawo, irin waɗanda aka fara samu daga ƙwaƙwalwar ɓera a 1992 a birnin Calgary. Bayan kwanaki a janye waɗannan sinadarai, a kawo wasu masu tura ƙwaya zuwa balaga. Akwai wani ruwan tsami da jiki ke yi daga bitamin A, akwai kuma NGF, abincin girman jijiya, wanda gano shi ya sa Rita Levi-Montalcini ta Italiya ta samu kyautar Nobel a 1986 tare da Stanley Cohen. Cikin mako ɗaya zuwa uku wasu ƙwayoyin sukan fitar da rassa, kuma in an rina su da rinin gwaji sai a ga furotin irin na jijiya a jikinsu.

Kama da wane ba ta wane

Nan ne gardama ta fara, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan wuri da kyau, domin a kansa ne ake yaudarar mutane.

A shekara ta 2000 wasu masana na jihar New Jersey ta Amurka sun ce sun juya ƙwayoyin ɓargo sun zama na jijiya cikin ƴan awowi, ta hanyar zuba musu wasu sinadarai. Hotunan sun ƙayatar, labarin ya zagaya duniya. A 2004 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a San Diego ƙarƙashin Mark Tuszynski, ɗaya a Filadelfiya ƙarƙashin Itzhak Fischer, suka sake gwajin. Abin da suka gano shi ne ƙwayoyin ba rassa suke fitarwa ba, takurewa suke yi saboda azabar sinadarin, su bar siraran zare a inda suka janye jikinsu. Ko ƙwayar fata aka yi wa haka, ko da gishiri mai yawa ko ruwan wanki, siffar da za ta ba da ke nan. A 2002 kuma mujallar Nature ta buga ayyuka biyu da suka nuna cewa ƙwaya kan iya haɗewa da maƙwabciyarta ta ari alamunta, mai kallo ya zaci ta rikiɗa.

Tun daga lokacin masana suka tsananta sharuɗɗa. Kafin a yarda ƙwaya ta zama ta jijiya sai ta ci jarrabawa huɗu: ta yi siffar, ta fitar da furotin ɗin, ta iya harba saƙon lantarki, sa'an nan ta ƙulla mahaɗa da wata ƙwaya ta miƙa mata saƙon. Ta uku ana auna ta da wani siririn bututun gilashi da ake manna wa jikin ƙwaya, dabarar da ta kawo wa Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, kyautar Nobel a 1991. Yawancin ayyukan da aka yi kan ƙwayoyin tsoka sun ci ta ɗaya da ta biyu, kaɗan ne suka kawo hujja mai ƙarfi kan ta uku da ta huɗu. Mutum ya sa kakin soja ya rataya bindiga, wannan bai isa a ce ya iya harbi ba.

Akwai kuma tambayar asali. Tsoka ba zaren tsoka kaɗai ba ce, cike take da ƙananan jijiyoyi da ƙwayoyin Schwann da hanyoyin jini. Saboda haka masana da yawa suna ganin cewa ƙwayoyin da ke ba da alamun jijiya a faranti, watakila tun asali dangin jijiya ne da suka zauna cikin tsoka, ko kuwa ƙwayoyin da ke rungume da ƙananan hanyoyin jini. In haka ne, ba gero ne ya zama dawa ba, ƙwayar dawa ce ta ɓuya cikin buhun gero. Ga marar lafiya bambancin ba shi da yawa in dai magani ya yi aiki, amma ga mai son ya tace ƙwayoyin ya san abin da yake dasawa, babban al'amari ne.

Ɓerayen Pittsburgh

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na Mitra Lavasani da Johnny Huard, kuma labari biyu gare shi, na tsoro da na murna.

A 2013 suka buga cewa sun yanke babbar jijiyar ƙafar ɓera, wadda likitoci ke kira siyatik, suka bar giɓin da ba ya haɗewa da kansa, suka dasa ƙwayoyin tushe na tsokar ɓera a wurin. Cikin mako 6 jijiyar ta haɗe, ƙafa ta koma aiki. Amma bayan wasu makonni sai ƙari ya fito a wurin dashen, mugun ƙari irin na sankara, mai haɗe da siffar jijiya da ta tsoka. Ƙwayar da ke da ƙarfin hayayyafa da rikiɗa, ƙarfin nan nata shi ne haɗarinta.

A 2014 suka buga gwaji na biyu, wannan karo da ƙwayoyin tsokar mutum, a giɓin da ya kai wajen milimita 6. Jijiyar ta sake tsirowa, tafiyar ɓerayen ta gyaru, tsokar sha-raɓarsu ba ta ƙanƙance kamar ta waɗanda ba a yi wa dashe ba, kuma har wata 18 ba a ga ƙari ba. Abin lura shi ne aikin da ƙwayoyin suka yi: sun kewaye bakin zaren da ke tsirowa, wasunsu suka zama ƙwayoyin Schwann masu naɗe shi. Watau ba sabbin wayoyi suka zama ba, ma'aikatan gyaran hanya suka zama, tsohuwar waya ta bi ta wuce.

Sakamako ne mai kyau, amma na ɓera ne. Giɓin milimita 6 a ƙafar ɓera daban yake da na santimita 5 ko 10 a cinyar mutumin da mota ta buge, wanda zarensa ke da tafiyar wata da watanni kafin ya kai ƙafa. Kuma tarihi ya koya wa likitoci hattara da ƙwayoyin tsoka. A farkon shekarun 1990 an yi wa yara masu ciwon lalacewar tsoka na Duchenne allurarsu, amfanin bai taka kara ya karya ba, domin yawancin ƙwayoyin mutuwa suke cikin kwanakin farko. A watan Yuni na 2000, a asibitin Bichat na birnin Paris, Farfesa Philippe Menasché ya fara dasa ƙwayoyin cinyar mutum cikin zuciyarsa, amma babban gwajin da aka buga a 2008 ya nuna bugun zuciyar bai ƙara ƙarfi ba, wasu ma bugunsu ya rikice. Ƙwayoyin sun ci gaba da zama na cinya, ba su koyi aikin zuciya ba.

Wata hanya ta sha gaba

Ana cikin wannan sai wata dabara ta fito wadda ta janye yawancin masana da kuɗin bincike. A 2006 Shinya Yamanaka na jami'ar Kiyoto ya cusa umarni huɗu cikin ƙwayar fatar ɓera, ta koma kamar ta ɗan tayi, mai iya zama kowane iri. A 2007 ya yi haka da ta mutum, a 2012 ya raba kyautar Nobel da John Gurdon. A 2010 kuma Marius Wernig na jami'ar Stanford ya juya ƙwayar fatar ɓera kai tsaye ta zama ta jijiya da umarni uku, kuma waɗannan sun ci jarrabawa huɗun nan duka. Darasin shi ne canza abinci kaɗai bai cika isa ya buɗe rufaffen babi ba, sai an sa mabuɗi daga ciki.

Wannan hanya ce ta kai ga mutane. A Kiyoto, tun daga 2018, ƙungiyar Jun Takahashi ta dasa irin waɗannan ƙwayoyi cikin ƙwaƙwalwar mutum 7 masu ciwon Parkinson. Sakamakon da aka buga a watan Afrilu na 2025 ya nuna cewa bayan shekara biyu ƙwayoyin suna raye, suna aiki, babu ƙari, kuma huɗu daga cikin shida da aka auna motsinsu ya ɗan gyaru. A jami'ar Keio ta Tokiyo, Hideyuki Okano ya fara dasa wa masu raunin laka a watan Disamba na 2021. Cikin mutum 4, biyu sun samu ci gaba, ɗaya har ya iya tsayuwa. Adadin nan kaɗan ne ƙwarai, kuma masu gwajin da kansu sun ce abin da suka fara nema shi ne tabbatar da rashin cutarwa.

Abin mamaki, akwai halittar da ta riga masana sanin wannan sana'a. A 2013 Anura Rambukkana na jami'ar Edinburgh ya nuna, a gwajin ɓera, cewa ƙwayar cutar kuturta tana shiga ƙwayoyin Schwann ta mayar da su kamar na tushe, har su koma tsoka, ita kuma ta bi su ta yaɗu. Daga jijiya zuwa tsoka ke nan, kishiyar abin da ake nema. Wannan shiga da take yi cikin jijiya ita ce ke kashe ji a hannu da ƙafar waɗanda ake jinya a asibitin Danja kusa da Maraɗi.

Kasuwar masu sayar da fata

Duk inda ciwo ya gagara, mai tallar magani ba ya rasa ciniki. A Italiya wani mai suna Davide Vannoni, wanda ko likita ba shi ne ba, ya yi da'awar cewa yana juya ƙwayoyin ɓargo su zama na jijiya cikin ƴan awowi. Iyayen yara marasa lafiya suka yi zanga-zanga domin goyon bayansa, har majalisar dokokin ƙasar ta ware yuro miliyan 3 a 2013, kusan miliyar 2 na sefa, domin a gwada. Kwamitocin masana biyu suka bincika suka ce babu hujja, akwai haɗari. A 2015 kotun birnin Turin ta yanke masa ɗaurin talala na shekara 1 da wata 10.

A 2009 likitocin Isra'ila sun ba da labarin wani yaro da aka kai birnin Masko aka yi masa allurar ƙwayoyin jijiyar ɗan tayi, bayan shekara huɗu ƙari ya fito masa a ƙwaƙwalwa da laka. A 2016 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo na wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki, wanda ya zagaya Sin da Ajantina da Meziko, ya kashe kusan dalar Amurka dubu 300, sama da miliyan 150 na sefa. Abin da ya samu shi ne ƙari a cikin laka, wanda bincike ya nuna daga ƙwayoyin wani mutum ya tsiro.

Wannan ya shafe mu, domin ƴan kasuwarmu da ma'aikatanmu suna fita neman magani Tunusiya da Maroko da Masar da Indiya da Turkiyya, wani da kuɗin gidansa da ya sayar, wani da gudummawar dangi. Duk wanda aka yi wa tayin allurar ƙwayoyin tushe domin shanyewar jiki ko raunin laka, ya sani cewa ba magani ne tabbatacce ba, abin da ke matakin gwaji ne. Ya tambaya: wace hukumar magunguna ce ta yarda da shi? A wace mujallar likitoci aka buga sakamakon? Daga ina ƙwayoyin suka fito? Wa zai ɗauki nauyi in abu ya ɓaci? Gwaji na gaskiya galibi ba a cajin marar lafiya kuɗinsa. Wanda ya ce maganinsa guda yana warkar da ciwon sukari da shanyewar jiki da rashin haihuwa, ya riga ya ba da amsa. Ba a cinikin biri a sama.

Haka nan garin da ake sayarwa cikin ƴan fakiti da sunan ƙwayoyin tushe na tufa ko inabi. Ƙwayar tsiro ba ta zama ta mutum, kuma duk abin da aka haɗiya ciki narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Dashen ƙwayoyin tushe da aka daɗe da tabbatarwa shi ne na ɓargo, domin sankarar jini da emasi da makamantansu, shi ma sai a manyan asibitoci, da haɗarinsa.

Abin da ke hannunmu yau

Jijiyar nan ta siyatik da ake gyarawa a jikin ɓera, ita ce allura ke lalatawa in an soka ta ba daidai ba a ɗuwawun yaro. Likitan Faransa Hubert Barennes, wanda ya yi aiki a Yamai cikin shekarun 1990, ya ja hankali kan shanyewar ƙafa da ke biyo bayan allurar kinin, har ya gwada ba da maganin ta dubura domin a kauce mata. A yau hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fifita artesunate ga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma in ta tsoka za a yi, a gaban cinya take so a yi ta. Uba ya hana mai yawo da magani a faranti ya soki ɗansa, ya kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Mai hawan jini ya auna, ya sha maganinsa kullum, domin shi ne babban mai jawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya ga tabo a fata wanda ba ya jin taɓi ya hanzarta, maganin kuturta kyauta ne tun 1995. Wanda haɗari ya tsinka wa jijiya kada ya yi watanni a gida yana jira, domin tsoka ba ta jira. Wanda kuma ya riga ya shanye, gashi da motsa gaɓoɓi a hannun masana shi ne abin da aka tabbatar yana taimako.

Masana suna kan aikinsu, kuma abin da aka gani a Pittsburgh da Kiyoto ya isa a sa rai. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin su iso, rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana dukiya da lafiya, amin.